Rage radiyeshin da ke shiga jikin ma'aikatan likitancin nukiliya lokacin yin allura

A ɗakin hoton X-ray ana kunna na'ura, a kashe ta, ma'aikaci kuma yana bayan bango. A sashen likitancin nukiliya babu makunni. Maganin da za a yi wa majiyyaci allura da shi, shi ne ke fitar da radiyeshin, kuma tun daga zuƙo shi daga kwalba har ya shiga jijiya yana hannun wani. Da zarar ya shiga, majiyyacin kansa ya zama mai fitar da radiyeshin na wasu sa'o'i ko kwanaki. Don haka haɗarin gida biyu ne: abin da yatsu ke sha a 'yan daƙiƙoƙin da suke kusa da sirinji, da abin da dukkan jiki ke sha a tsayuwa kusa da wanda aka riga aka yi wa allurar. Maganin kowannensu daban ne, kuma na yatsun ne aka fi yi wa sakaci, domin bajin auna radiyeshin da ake maƙalawa a ƙirji ba ya ganinsa.

Iyakokin da Hukumar Kariya daga Radiyeshin ta Duniya, ICRP, ta shimfiɗa, waɗanda Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, ta sa a ƙa'idojinta na 2014, su ne milisibat 20 (milisibat shi ne ma'aunin radiyeshin da jiki ya sha) a shekara ga dukkan jiki idan an raba kan shekaru biyar, kada wata shekara ta haura 50, sai milisibat 500 a shekara ga fata da hannuwa. Na ido an sauke shi a 2011 daga 150 zuwa 20, bayan an gano cewa yanar ido na iya farawa da radiyeshin da bai kai yadda ake zato a da ba. Don a san girman waɗannan lambobi, matsakaicin abin da kowane mutum a duniya ke sha daga ƙasa da iska da sararin samaniya wajen milisibat 2.4 ne a shekara. Ma'aikacin da ke aiki bisa tsari ba kasafai yake kusantar 20 a ƙirji ba. Amma 500 na yatsu, wadda ake gani kamar tana da nisa, ana iya tsallake ta ba tare da an sani ba.

Kowane sinadari da halinsa

Teknishiyam-99m shi ne aka fi amfani da shi wajen hoton ƙashi, ƙoda, zuciya da sauransu. Ƙarfinsa yana raguwa zuwa rabi duk bayan sa'o'i 6, hasken da yake fitarwa mai ratsa jiki, wanda ake kira gama, kuma yana da ƙarfin keV 140 (keV ma'aunin ƙarfin wannan haske ne). Dalma mai kaurin kusan milimita 0.3 tana rage shi zuwa rabi, don haka tare shi ba wuya. Fulorin-18, wanda ke cikin FDG, wato sukari mai radiyeshin da ake yin hoton PET da shi, hoton da ake yawan neman ciwon daji da shi, wani abu ne daban. Yana raguwa zuwa rabi a minti 110, amma hasken da yake haifarwa na keV 511 ne, sai an sami dalma fiye da milimita 4 kafin a rage shi zuwa rabi. Bayan haka yana fitar da ƙwayoyin fositiron, waɗanda wasunsu kan ratsa siririn bangon sirinji su sauke ƙarfinsu a fatar yatsa. Galiyam-68, wani sinadarin hoton PET, ya fi shi a wannan fanni, domin fositiron ɗinsa sun fi ƙarfi, suna kaiwa MeV 1.9 (MeV ɗaya keV dubu ne), ga na fulorin da bai wuce 0.63 ba.

Idan aka kwatanta megabekarel da megabekarel, wato ma'aunin yawan radiyeshin da ke cikin magani, fulorin-18 yana ba da radiyeshin wajen ninki bakwai na teknishiyam-99m a nisa ɗaya. Wannan ne ya sa sashen da ya saba da teknishiyam shekara da shekaru, in ya fara hoton PET da tsofaffin kayansa da tsofaffin halayensa, sai a ga lambobin ma'aikata sun yi tsalle.

Lissafi kaɗan zai nuna inda matsalar take. Megabekarel ɗaya na fulorin-18 da babu kariya yana ba da kusan maikurosibat 0.143 a sa'a a nisan mita ɗaya (maikurosibat dubu ne milisibat ɗaya). Sirinji mai megabekarel 370 zai ba da wajen 53 ke nan. Ƙarfin radiyeshin yana bin murabba'in nisa: in ka rage nisa ninki goma, ya ƙaru ninki ɗari. A santimita 10 ya zama milisibat 5.3 a sa'a, a santimita ɗaya kuma, wato inda yatsa yake in an riƙe cikin sirinjin, ya kai wajen 530. Daƙiƙa goma a wannan nisa kusan milisibat ɗaya da rabi ne. Mai yin allura biyar a rana, kwana 220 a shekara, da irin wannan riƙo, zai tara sama da milisibat 1,500 a kan yatsa, ninki uku na iyaka, ba a ma sa fositiron a lissafin ba. Duk wannan zai iya faruwa bajin ƙirjinsa yana nuna komai lafiya.

Sauri ba ya maye gurbin kube

Tsakanin 2008 da 2011 an gudanar da wani babban bincike a Turai mai suna ORAMED, inda aka manna ƙananan ma'aunai a wurare da dama a hannuwan ma'aikata yayin haɗa magani da yin allura. Sakamakonsa ya gyara fahimta a wurare uku. Na farko, wurin da ya fi shan radiyeshin yawanci shi ne kan manuniya ko babban yatsa na hannun da mutum ba ya rubutu da shi. Dalili a fili yake: hannun rubutu yana can baya kan sandar tura ruwa, ɗayan kuwa shi ke dafa gindin allura ko bakin sirinji, inda babu kariya. Na biyu, kusan ɗaya cikin biyar na ma'aikatan da aka auna za su iya haura milisibat 500 a shekara in aka dubi wurin da ya fi sha. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, sauri kaɗai ba ya fitar da mutum. Kariya da nisa sun fi shi tasiri nesa ba kusa ba.

Wannan batu na uku yana bukatar a tsaya a kansa, domin akwai tsohuwar hujja da gogaggun ma'aikata ke kawowa. Sukan ce kuben sirinji, wato kwanson ƙarfe da ake zura sirinji a ciki don ya tare radiyeshin, yana da nauyi, yana hana su jin jijiya, yana rufe lambobin sirinji, in suka cire shi kuma sun fi sauri. Gaskiya ne yana da nauyi. Amma a duba lissafin. Mai saurin hannu zai iya rage lokacinsa zuwa rabi, wato ya rage abin da ya sha ninki biyu. Kuben ƙarfen tangstin mai kaurin milimita 2 yana rage hasken teknishiyam fiye da ninki ɗari. Ko da kuben ya sa aikin ya ninka tsawo, ribar tana wajensa. Ga fulorin-18, mafi ƙarancin kaurin da binciken ya ba da shawara shi ne milimita 5 na tangstin, wanda ke rage hasken zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku ya kuma tare fositiron gaba ɗaya. Ga kwalbar da ake zuƙo magani, dalma milimita 3 ta wadatar wa teknishiyam, fulorin kuwa sai santimita 3. An fi son tangstin a kuben sirinji saboda ya fi dalma nauyi a ƙaramin wuri, wajen giram 19 a kowane santimita kubik ga 11 na dalma, don haka kuben ba ya yin ƙato a hannu.

Sai dai kube ba ya rufe ko'ina. Bakin sirinji a buɗe yake, bayansa ma a buɗe yake, tagar gilashin dalma da ake karanta lambobi ta ciki kuma sau da yawa ba ta kai jikin tangstin ɗin tarewa ba. Don haka ba a ɗora yatsa a kan tagar, ba a juya bakin ko bayan sirinjin zuwa fuska ko ciki, ba a kuma dafa mahaɗar allura da yatsa yayin turawa. Kube mai tsagaggen gilashi a cire shi daga aiki. Wanda bai dace da girman sirinjin ba shi ma matsala ne, domin sirinjin kan zame gaba, ruwan ya leƙo waje da kariyar ba a lura ba. Sirinji mai mililita 2 da mai mililita 5 kowanne da nasa kuben.

Kanula kafin magani

In da za a zaɓi gyara guda ɗaya da ya fi kowanne amfani a wajen allurar kanta, to shi ne a daina neman jijiya da sirinji mai radiyeshin a hannu. Neman jijiya shi ne ɓangaren da ba a san tsawonsa ba. Ga tsoho, ko wanda ya sha maganin ciwon daji jijiyoyinsa suka ƙanƙance, ko yaro, abin na iya ɗaukar mintuna, kuma duk tsawon lokacin yatsun hagu suna kan fatar majiyyaci daf da bakin sirinji.

Tsarin da ya dace shi ne a bar maganin a cikin akwatinsa na dalma, nesa da kujerar majiyyaci. A tabbatar da sunan majiyyaci da irin hoton da aka nema, a tambayi mace batun juna biyu da shayarwa, a auna sukari in FDG ne, a yi duk bayani a amsa duk tambaya. Sannan a sa kanula, wato siririyar robar da ake bari a cikin jijiya, a ɗaure ta da filasta sosai, a haɗa mata famfo mai baki uku, a tura ruwan gishirin asibiti a ga yana tafiya ba ciwo ba kumburi, a ja baya kaɗan a ga jini. A shimfiɗa takarda mai tsotse ruwa, mai leda a ƙasanta, a ƙarƙashin hannun. Sai a wannan lokaci za a ɗauko maganin. A ɗaura sirinjin a baki ɗaya na famfon ta hanyar riƙe kuben, a juya famfon, a tura, a juya, a bi da ruwan gishiri kamar mililita 10 daga ɗaya bakin, a kwance sirinjin a mayar da shi akwati. In an shirya haka, lokacin da maganin yake waje da akwatinsa bai wuce daƙiƙoƙi ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ke ɓata wannan tsari. Sirinji mai bakin murɗawa ya fi wanda ake cusawa kawai, domin nauyin kube kan sa na cusawa ya kuɓuce a tsakiyar turawa, magani ya fantsama. Famfon da aka manta ba a juya ba yakan mayar da maganin cikin sirinjin ruwan gishiri, wanda ba shi da kube. Doguwar robar haɗi tana ƙara nisa tsakanin hannu da majiyyaci, amma tana riƙe magani a cikinta, kuma ita ma ba ta da kariya, don haka kada a riƙe ta da yatsu lokacin da maganin ke wucewa. Wasu magunguna, irin su sestamibi na hoton zuciya, suna manne wa bangon roba, shi ya sa ake auna abin da ya rage a sirinji bayan allura. Wannan awo ma a yi shi da hantsaki, ba da hannu ba. Bayan an gama, kanula da famfo da auduga duk sun zama shara mai radiyeshin, a cire su da safar hannu a jefa a kwandon da ke da dalma.

Allurar hoton zuciya da ake yi mutum yana tsakiyar motsa jiki a kan na'urar tafiya ba ta yiwuwa da kyau sai da kanula, domin hannun yana motsi kuma lokacin allurar ƙayyadadde ne. Yara ma haka: a sa kanula tun da wuri, a bar yaron ya huce, a tsara wanda zai riƙe shi, sannan a kawo magani.

Wajen zuƙowa

Sau da yawa yatsu sun fi shan radiyeshin a wajen haɗa magani da zuƙo shi fiye da wajen allura, domin a can ana aiki da kwalbar da ke ɗauke da kason mutane da yawa. Ana yin aikin a bayan garkuwar dalma mai tagar gilashi, kwalba tana cikin tukunyarta, ana ɗaga ta da dogon hantsaki in za a sa ta a ma'auni. Hantsaki mai tsawon santimita 20 yana rage abin da yatsa ke sha ninki ɗaruruwa idan aka kwatanta da riƙe kwalbar kai tsaye. A lissafa yawan ruwan da ake bukata tun kafin a taɓa komai, a rubuta, domin zuƙowa a auna a mayar a sake zuƙowa shi ke ninka adadin. In ruwan bai wuce rabin sirinji ba, yatsun da ke kan sandar turawa sun fi nisa da shi.

Kuskuren da ke jawo fantsama shi ne tura iska mai yawa cikin kwalba. Matsin ciki yakan ƙaru, da an zare allura sai ɗigo ya feso ta ramin murfin. A bar matsin cikin kwalba ya ɗan gaza na waje. Kumfar iska da ke cikin sirinji a mayar da ita cikin kwalbar tun allura tana ciki, kada a ɗaga sirinji sama a fesar da ita. Mayar da murfin allura da hannu biyu kuwa haɗari biyu ne a haɗe, ga radiyeshin ga sukar allura mai shigar da magani cikin nama. A yi amfani da maƙalin da ke riƙe murfin a tsaye, ko a zura allurar da hannu ɗaya.

Majiyyaci bayan allura

Daga nan labarin ya koma kan dukkan jiki. Jikin majiyyaci yana tsotse wani ɓangare na hasken, amma wanda aka yi wa megabekarel 370 na FDG yana ba da wajen maikurosibat 34 a sa'a a nisan mita ɗaya da farko. Bayan sa'a guda da ake jira kafin hoto, kusan kashi 68 cikin ɗari ne suka rage, fitsari kuma ya ƙara rage wani abu. A sashen PET, babban rabon abin da bajin ƙirji ke nunawa daga nan yake fitowa: rakiya zuwa ɗakin jira, kwantar da mutum a kan gadon na'ura, gyara masa hannu da matashi, saukar da shi.

Kariyar a nan tsari ce. Duk maganar da za a yi, an riga an yi ta kafin allura. An nuna masa banɗaki, an sa ya cire ƙarfe da sarƙa, an ba shi bargo, an nuna masa maɓallin kira. Ana duba shi ta kyamara, a yi masa magana ta na'urar sadarwa. In za a raka shi, a bar tazarar taku ɗaya ko biyu, in yana iya hawa gado da kansa a bar shi ya hau. Wannan ba yana nufin a guji majiyyaci ba. Mutumin da ke jiran sakamakon ciwon daji yana cikin fargaba, in ya ga ana ja da baya ba bayani sai tsoronsa ya ƙaru. A gaya masa dalili tun farko, cewa ma'aikata suna ganin mutane da yawa kullum shi ya sa suke ba da tazara. Wanda yake bukatar a tallafe shi kuwa a tallafe shi, domin abin da za a sha a minti ɗaya ko biyu bai kai haɗarin faɗuwarsa ba.

Rigar dalma tana jawo gardama. Mai kaurin milimita 0.5 tana tare fiye da rabin hasken teknishiyam, don haka tana da amfani a aikin da za a daɗe kusa da majiyyaci, kamar riƙe yaro ko gwajin zuciya. Ga fulorin-18 kuwa abin da take tarewa bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, ga nauyi ga rage kuzari. Sa ta a ɗakin PET wahala ce kawai, har takan sa mutum ya saki jiki ya daɗe a inda bai kamata ba. Garkuwa mai taya da ake turawa tsakanin ma'aikaci da majiyyaci ta fi ta amfani.

Magungunan warkarwa

Lutishiyam-177 da itiriyam-90 ana ba da su ne don su kashe ƙwayoyin ciwon daji, kuma yawansu ya fi na hoto sosai. Kaso ɗaya na lutishiyam yakan kai gigabekarel 7.4, wato megabekarel 7,400, yana raguwa zuwa rabi a kusan kwana 6.7, yana fitar da ƙwayoyin beta da ɗan hasken gama. Itiriyam-90 beta zalla ne mai ƙarfin MeV 2.28, wanda ke iya ratsa nama har wajen milimita 11. Riƙe sirinjinsa ba kube, ko na ɗan lokaci, yana sauke wa fata adadi mai yawan gaske. Ƙa'idar da aka saba ita ce a tare beta da abu mara nauyi, kamar robar Perspex mai kaurin milimita 10, domin in beta mai ƙarfi ya daki siririyar dalma kai tsaye yakan haifar da wani hasken mai ratsawa. In ana bukatar dalma, a sa ta a bayan robar. Binciken ORAMED ya nuna cewa tangstin milimita 5 ma yana yi wa sirinjin itiriyam aiki sosai, domin kaurinsa ya isa ya tare beta da yawancin hasken da ya haifar. Kuben teknishiyam dai ba nasa ba ne.

Ayodin-131 yawanci haɗiya ake yi, amma ruwansa yana tashi ya bi iska, in an shaƙa ya taru a ƙwayar tairod da ke wuya. Ana buɗe shi ne a cikin akwati mai zuƙe iska, masu aiki da shi kuma a riƙa auna wuyansu.

In maganin warkarwa ya fita daga jijiya ya taru a nama, abin na iya kaiwa ga gyambo. A tsayar da turawa nan take, a ja abin da zai jawu ta kanular kafin a cire ta, a zana iyakar wurin, a ɗaga hannun, a sa ɗumi don ya watse, a ɗauki hoton wurin a na'ura, a sanar da likita da masanin kimiyyar radiyeshin. Ga ma'aikaci, irin wannan lokaci ne ake shan adadi mai yawa, domin kowa ya taru a kan hannun. Mutum ɗaya ya yi aikin, saura su ja baya.

Ɗigo a fata

Safar hannu ba ta tare hasken gama ko kaɗan. Aikinta hana magani taɓa fata, kuma aikin nan babba ne, domin ɗigon da ya zauna a fata nisansa sifili ne, yana kuma aiki har sai an wanke shi ko ya ƙare. Safar da ta ɓaci in aka ci gaba da sawa, daidai take da ɗigo a fata. A sauya ta bayan kowace allura, a sa biyu wajen magungunan warkarwa, a auna hannu da na'urar gano gurɓata kafin a fita ɗaki, kafin cin abinci, da lokacin tashi. In an sami gurɓata, a wanke da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu mai laushi, a sake aunawa, a maimaita. Kada a goge da burushi har fata ta yi ja, kada a sa ruwan zafi, domin duka biyun suna buɗe wa maganin hanyar shiga jiki. Tabarau na kariya yana hana fantsama shiga ido.

In ya zube a ƙasa, a hana mutane takawa, a rufe da takarda mai tsotsewa, a share daga gefe zuwa tsakiya, a auna takalma. Gajeren zangon waɗannan sinadarai yana taimakawa. Bayan raguwa zuwa rabi sau goma, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, wato kimanin sa'o'i 18 ga fulorin, 60 ga teknishiyam. Wani lokaci rufe wurin da alama a bar shi ya fi durƙusawa a kansa ana gogewa. Sharar lutishiyam kuwa a kula, domin wani nau'insa yana zuwa da ɗan lutishiyam-177m mai raguwa zuwa rabi a kusan kwana 160, don haka ba a zubar da ita da lissafin kwanaki kaɗai sai an auna.

Awo da abin da ake yi da shi

Ma'aunin da ke wuyan hannu yana iya nuna ƙasa da abin da kan yatsa ya sha har ninki 20. Ma'aunin zobe da ake sawa a yatsa ya fi shi. Shawarar ORAMED ita ce a sa zoben a gindin manuniyar hannun da ba a rubutu da shi, idonsa yana kallon tafin hannu, a ƙarƙashin safa, sannan a ninka abin da ya nuna sau 6 don a kimanta wurin da ya fi sha. Ma'anar wannan ita ce zoben da ya nuna milisibat 85 a shekara yana iya nufin kan yatsa ya riga ya kai iyaka. Zoben da aka juya idonsa zuwa bayan hannu, ko aka sa a hannun rubutu, ko aka bari a aljihun riga, lambarsa za ta yi kyau a takarda amma ba ta faɗi gaskiya ba.

Bajin da ake karantawa wata-wata yana faɗin jimla ne, ba ya faɗin wane aiki ne ya kawo ta. Ma'aunin lantarki mai nuna lamba nan take shi ke wannan. In ma'aikaci ya duba shi kafin allura da bayanta, kafin kwantar da majiyyaci da bayansa, cikin mako guda zai san inda yake zubar da rabonsa. Kowane sashe ya sa wa kansa matakin bincike da ke ƙasa da iyakar doka sosai, kuma in mutum biyu masu aiki iri ɗaya suka bambanta ninki uku, a tsaya a kalli hannuwansu suna aiki. Manufar gyara ce. In aka mayar da lambar abin tsawatarwa, mutane za su fara barin zobe a aljihu.

Sabon ma'aikaci ya yi atisaye da ruwa mai launi, da kube na gaske da famfo na gaske, har hannunsa ya saba da nauyin kafin ya taɓa magani. Rini mai ƙyalli a ƙarƙashin fitila ta musamman yana nuna masa inda ɗigo ya faɗa bai gani ba. Na'urorin da ke auna FDG su tura shi da kansu daga cikin akwati mai kauri suna rage rabon yatsu ƙwarai, kuma sashen da ke da majiyyata PET da yawa ya kamata ya neme su, sai dai loda kwalba da kwance robobi da gyara in ta tsaya duk da hannu ake yi, kuma su ma suna bukatar rubutaccen tsari. Karɓa-karɓa tsakanin ma'aikata yana raba nauyi amma ba ya rage jimlarsa. Rage yawan maganin da ake bai wa majiyyaci zuwa daidai nauyinsa da ƙarfin na'urar hoto, wannan yana rage wa kowa.

Ma'aikaciyar da ta sami juna biyu ta sanar da wuri. Daga ranar da ta sanar, ƙa'idar ICRP ita ce kada abin da ke ciki ya sha fiye da milisibat ɗaya har ƙarshen cikin. Ba dole ne ta bar sashen ba, amma a ɗauke mata aikin ayodin-131 da share abin da ya zube da magungunan warkarwa, a duba tarihin bajinta kafin a bar ta a ɗakin PET, a kuma ba ta ma'aunin lantarki ta ɗaura a daidai ciki tana dubawa kullum.